Labarin Mungo Martin, Masassaƙin Bakin Tekun Kanada

Cikin mutanen da ƙasar Kanada ke tunawa da su akwai wani masassaƙi, sunansa Mungo Martin, wanda ya rasu cikin 1962. Ya tashi a zamanin da dokar Gwamnati ta haramta al'adun mutanensa, har ana ɗaure mutum don ya yi biki irin na kakanninsa. Ya kuwa yi tsawon rai har ya ga ran da hukuma ta ɗauke shi aiki, ana biyansa, don ya raya abin nan da aka so kashewa da. Kafin mu shiga labarinsa ya kamata masu karatu su san ƙasarsa da mutanensa, gama ba a gane masassaƙi sai an san itacen da ya ke sassaƙawa.

ƘASARSA DA MUTANENSA

A yammacin Kanada, bakin Tekun Pasifik, akwai wata jiha da a ke kira British Columbia. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi da tsibirai barjat, ruwan sama kuwa ba ya yanke mata, rani da damina. Mafi girman tsibiran shi ne tsibirin Vancouver, wanda tsawonsa ya kai wajen mil 280. Tun dubban shekaru kafin Turawa su sa ƙafa a wurin akwai kabilu da yawa zaune, kowace da harshenta da sarakunanta. Turawa suka laƙa musu sunan Indiyawa bisa kuskuren Kolumbus, wanda ya yi tsammani ƙasar Indiya ya iso. Mutanen Mungo Martin su ne na arewacin tsibirin da gaɓar da ke fuskantarsa. Sunansu Kwakwaka'wakw, watau masu magana da harshen Kwak'wala, amma cikin tsofaffin littattafan Turawa Kwakiutl a ke ce da su duka, alhali kuwa wannan sunan kabila ɗaya ce kaɗai daga cikinsu.

Abincinsu daga ruwa ya ke fitowa, musamman wani kifi da a ke kira samon, wanda ke haurowa koguna garke garke kowace shekara, su kama su ƙyafe su ajiye. Akwai kuma wani ƙaramin kifi mai maiƙo da su ke narkarwa su sami mai, suna cin abinci da shi, suna kuma ciniki da shi. Amma tufafinsu da gidajensu da jiragensu da kayan aikinsu duk daga kurmi su ke, kuma yawancinsu daga itace ɗaya, wanda Turawa ke kira jan sida. Ba shi ne itacen al'ul na Lebanon ba, suna kawai aka ara masa. Yakan kai tsawon ƙafa 200, yakan yi shekara 1,000 a tsaye, yana tsagewa sumul bisa tsawonsa, kuma akwai wani abu cikin jikinsa da ke hana shi ruɓewa da wuri. Saboda yawan amfaninsa mutanen gaɓar ke ce da shi itacen rai.

ILMIN ITATUWA

Yadda su ke cin amfanin wannan itace abin a tsaya a duba ne. Daga wajen watan Mayu zuwa Yuli, sa'ad da ruwan itacen ke gudana, mata kan shiga kurmi su zaɓi matashin itace miƙaƙƙe. Mace ta fara yi masa godiya da roƙo bisa al'adarsu, sa'an nan ta tsaga ɓawon a gindi, faɗin tafi biyu, ta kama ta riƙa ja da baya har ɓawon ya saluɓo zuwa sama, tsawon ƙafa 20 ko fi. Gefe ɗaya kaɗai a ke ɓarewa, gama sun san in aka kewaye itace da ɓara zai mutu. Har yanzu ana samun irin waɗannan itatuwa a kurmin, suna nan da rai da tabon ɓarar da aka yi musu shekaru aru aru, masana kuwa na ƙirga zoben itacen su gane shekarar da aka yi ɓarar. Ɓawon ciki shi a ke busarwa a daddaka ya yi laushi, a saƙa mayafi da malafar ruwa da tabarma da kwando, a tufka igiya. Saiwoyinsa kuma a tsattsaga a yi ɗinki da su.

Maza su ne da katako. Da can ba su da zarto, sai su kafa turaku na wani itace mai tauri a jere, su yi ta bugu da gudumar dutse har allo ya tsage daga jikin gungume. Da irin waɗannan alluna su ke gina gidajen da iyali da yawa ke zama ciki tare. In za a yi jirgi sai a rarake gungume ɗaya, a cika shi da ruwa, a riƙa jefa duwatsu masu zafi ciki har itacen ya yi laushi, sa'an nan a buɗe bakinsa da sanduna ya yi faɗi. Akwatinsu ma da allo ɗaya a ke yinsa. A yi wa allon tsaga uku, a turara shi, a lanƙwasa shi ya zama kusurwa huɗu, a ɗinke ta huɗun da saiwa ko a kafe ta da ƙusar itace, sa'an nan a sa masa gindi. Ba ya yoyo ko kaɗan, har dafuwa su ke yi cikinsa da duwatsu masu zafi.

Kowane tsiro sun san aikinsa. Akwai itacen da ba shi da wari ko ɗaci, da shi su ke yin akushi da ƙyafe kifi, ɓawonsa kuma na ba da jan rini. Akwai wata ciyawar teku mai dogon kara wadda a ke jiƙawa a miƙe a busar ta zama igiyar fatsa, kanta kuwa mai rami ya zama goran ajiye mai. Daga wani ganye mai ƙaiƙayi su ke samun zaren taru. Ƙaron itace na maganin rauni, ɓawon wani ɗan itace mai ƙaya na maganin tari da ciwon gaɓoɓi. 'Ya'yan itatuwan kurmi a kan dafa su a busar curi curi don lokacin ɗari. A bakin koguna, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri, kowane gida na da fegin da ya gada, inda mata ke tonon waɗansu saiwoyi masu daɗi da sanda, suna cire ciyawa, suna mai da ƙananan saiwoyin cikin ƙasa don baɗi. Turawan farko ba su lura da wannan noma ba, ko kuwa ba su so su lura ba, suka ce mutanen ba su noma, suka kafa shinge a waɗansu fegunan suka sa shanu. Cikin wannan ilmi duka aka yi renon Mungo Martin.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haife shi wajen 1879 a garin Tsaxis, wanda Turawa ke kira Fort Rupert saboda kagarar da Kamfanin Hudson's Bay ya gina a wurin cikin 1849. Ubansa babban mutum ne cikin kabilarsu. Uwarsa kuwa, wadda Turawa ke kira Sarah Finlay, 'yar wani Bature ce ɗan ƙasar Sikotlan, ma'aikacin kamfanin, da wata mace 'yar ƙasar. Ya zo duniya a lokacin wahala, gama cutar agana da ta ɓulla a Victoria cikin 1862 ta bi gaɓar ta share garuruwa, waɗansu cututtuka kuma suka biyo bayanta. Mutanensa suka yi ta raguwa, har wajen shekarun 1920 kaɗan suka ɗara 1,000.

Danginsa na ba da labari, wai uwarsa tun yana jariri ta ƙudura ya zama mai zane da waƙa. Ta kai shi wurin wani shahararren masassaƙi, shi kuwa ya tsige gashin idon yaron kaɗan, ya gama da gashin beguwa ya ɗaure ya yi alkalamin zane, ya riƙa aiki da shi, don idon yaron ya saba da zane. An kuma ce an sa shi cikin gangarsu, wadda ita ma akwatin katako ce, ana bugawa a hankali ana waƙa, don kunnensa ya kama kiɗa. Ko mene ne amfanin wannan, abin da uwar ta nufa ya tabbata, an kuwa ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ubansa ya rasu yana saurayi, uwarsa ta auri wani masassaƙi mai suna Charlie James, wanda a zamaninsa ba wanda ya fi shi a wannan yanki. A hannunsa Mungo ya koyi riƙon gizago da lanƙwasasshiyar wuƙa, da yadda a ke duban itace tun yana tsaye a san ko cikinsa lafiya ne. Ya koyi haɗa launi irin na da, baƙi daga gawayi, ja daga jar ƙasa, ana kwaɓawa da ƙwan kifi da aka tauna don launin ya kama katako. Ya kuma haddace waƙoƙi da sunaye da tarihin gidaje, gama a wurinsu masassaƙin da bai san tarihi ba ba ya iya aiki. Wajen 1900 aka fara ba shi aikin babban ginshiƙi na kansa, aka kafa shi a garin Alert Bay, ana kiransa Hankakan Teku.

GINSHIƘI DA BIKI

Waɗannan ginshiƙai su ne Turawa ke kira totem. Gungumen jan sida ne a ke sassaƙa wa siffofi, wata bisa wata, kamar su gaggafa da hankaka da kyarkeci da kwaɗo da babban kifin teku, da wani tsuntsu na cikin labarunsu wanda su ke cewa fukafukansa ke kawo tsawa. Waɗansu Turawan mishan na farko sun ɗauka gumaka ne, amma ba a yi musu sujada, ba a yi musu yanka. Kowace siffa tambarin gida ce, tana nuna asalin mai ginshiƙin da abin da ya gada daga wajen uba ko uwa ko ta hanyar aure. Ba mai ikon sa siffar da ba tasa ba. Ginshiƙi dai shi ne takardar shaidar asali a wurin mutanen da ba su da rubutu.

Ba a kuwa ta da ginshiƙi sai da biki, wanda a ke kira potlac, daga wata kalma ta harshen ciniki na gaɓar mai ma'anar bayarwa. In sarki zai gāji sarauta, ko zai raɗa wa ɗansa suna, ko zai aurar da 'yarsa, ko zai yi makokin babba, sai ya gayyaci waɗansu kabilu. A taru cikin babban gida, wuta na ci a tsakiya, masu rawa su fito sanye da fuskokin itace da zobban ɓawon sida da aka rina ja. Waɗansu fuskokin na da igiyoyi a ɓoye, in mai rawa ya ja sai fuskar tsuntsu ta buɗe fuskar mutum ta bayyana a ciki. Mai magana ya tashi ya bayyana wa jama'a dalilin kowace rawa da kowane suna. Daga ƙarshe mai biki ya raba dukiya ga baƙi, kowa gwargwadon matsayinsa: barguna da mai da akwatuna da jirage, daga baya har da gari da keken ɗinki. Wanda ya karɓi kyauta ya zama mashaidi ke nan, ya yarda da abin da aka faɗa. Ashe bikin nan shi ne majalisarsu, shi ne ɗakin shari'arsu, shi ne kuma littafin da su ke rubuta haihuwa da aure da gado. Sunan sarautar Mungo Martin kansa, Nakapankam, ma'anarsa sarkin da ya yi wannan biki har sau goma.

ZAMANIN DOKA

Gwamnatin Kanada da masu mishan suka ga bikin almubazzaranci ne, yana hana mutane aikin lada, yana hana yara zuwa makaranta. Cikin 1884 aka yi doka, ta fara aiki cikin 1885, wadda ta ce duk wanda ya yi shi ko ya taimaka za a ɗaure shi daga wata 2 zuwa wata 6. Shekaru da yawa dokar ba ta ci kowa sosai ba, sai bayan Yaƙin Duniya na Farko aka tsananta. Cikin watan Disamba 1921 wani sarki mai suna Dan Cranmer ya yi ƙasaitaccen biki a wani tsibiri da a ke kira Village Island. William Halliday, Baturen da ke wakiltar Gwamnati bisa al'amuran kabilun wurin, ya sa aka gurfanar da mutum 45 gaban shari'a cikin 1922, bisa laifin rawa da jawabi da ba da kyauta da karɓarta. Aka ce wanda garinsu ya yarda ya miƙa kayan bikinsa za a sake shi. Wajen mutum 20, maza da mata, aka kai su kurkukun Oakalla kusa da birnin Vancouver. Aka kwashe ɗaruruwan fuskoki da kayan rawa, aka rarraba su ga gidajen ajiye kayan tarihi na Ottawa da Toronto, aka sayar da waɗansu ga wani attajiri a New York. A lokacin nan kuma ana kwasar yara ana kai su makarantun kwana, inda a ke horon yaro in ya yi magana da harshen uwarsa.

To, ku dubi halin da masassaƙi ya shiga. In ba biki ba mai neman fuska, ba mai ta da ginshiƙi. Da yawa suka ajiye gizago, waɗansu suka koma sassaƙa 'yan ƙananan ginshiƙai na sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido. Mungo Martin ya kama sana'ar su a teku, da ita ya ci da iyalinsa shekara da shekaru. Amma bai saki sassaƙa da waƙa ba, gama mutanensa ba su daina bikin ba, ɓoye shi suka yi. Wani lokaci su bari sai hadari ya hana jirgin 'yan sanda tafiya, su taru a garuruwan da ke can cikin lungun koguna. Wani lokaci su yi rawa yau, su raba kyauta wata rana gida gida, ko su ce kyautar Kirsimeti ce. Ya ci gaba da yi musu fuskoki, yana tsara waƙoƙi, yana kuma karɓar waƙoƙin tsofaffi kafin su mutu da su. Matarsa ta biyu, wadda kowa ke kira Abayah, watau uwa, gwana ce wajen saƙar ɓawon sida da ɗinkin mayafan biki, ta kuma san waƙoƙi da al'adu ƙwarai. Tsakaninsu su biyu suka riƙe abin da gari guda ya kamata ya riƙe.

AIKINSA A JAMI'A DA VICTORIA

Ana nan, tsofaffin ginshiƙan da aka bari a kufai suka yi ta ruɓewa suna faɗuwa, don ko jan sida da wuya ya wuce shekara 100 a tsaye cikin irin wannan ruwa. Jami'ar British Columbia ta tattaro waɗansu zuwa Vancouver, aka rasa mai gyara. Aka fara ba wata masassaƙiya aikin, Ellen Neel, jikar Charlie James, daga baya wajen 1950 aka kira Mungo Martin, yana da shekara 70 ko kusa. Cikin ginshiƙan da aka shimfiɗa masa ya gyara har da Hankakan Teku, wanda ya sassaƙa da hannunsa shekara 50 da suka wuce. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Zamansa a Jami'a bai tsaya ga sassaƙa ba. Ya zauna da malamai, Harry Hawthorn da matarsa Audrey, yana bayyana musu sunan kowane abu da ke ajiye da mai shi da amfaninsa. Cikin 1951 wata masaniyar kiɗa, Ida Halpern, wadda ta gudo daga birnin Vienna saboda Hitila, ta ɗauki waƙoƙinsa 124 da na'ura. Ya kuma shawarci waɗansu gidaje su sayar wa Jami'a kayan bikinsu. Wannan shawara har yau ana gardama a kanta, don waɗansu na ganin kayan gado ba na sayarwa ba ne. Shi kuwa abin da ya gani a zamaninsa shi ne samari sun juya wa abin baya, kaya na ruɓewa cikin ɗakuna, 'yan kasuwa na kwashe su zuwa ƙasashen waje, ya ga gara a ajiye su inda jikoki za su same su.

Cikin 1951 aka sake tsara dokar da ta shafi kabilun, aka fitar da sashen nan da ya hana biki, ba tare da an ce an yi kuskure ba. Cikin 1952 gidan ajiye kayan tarihi na jihar, a birnin Victoria, ya ɗauke shi babban masassaƙi, bisa shawarar wani saurayin masani mai suna Wilson Duff. Aikinsa shi ne ya sassaƙa sababbin ginshiƙai daidai da tsofaffin da ke wani fili da a ke kira Thunderbird Park, don a shigar da tsofaffin cikin ɗaki. A fili ya ke aiki ƙarƙashin rumfa, jama'a na tsaye suna kallo. Ya kwaikwayi har ginshiƙan waɗansu kabilu, kamar Haida da Gitxsan, waɗanda salon zanensu ya bambanta da nasa.

A wannan fili ya gina babban gida irin na kakanninsa, bisa siffar gidan wani sarki na Tsaxis wanda ya gāji sunansa, ya sa masa tambarin gidansu, aka kira shi Wawadit'la. Cikin watan Disamba 1953 ya buɗe gidan da biki na kwana 3, ya gayyato sarakuna da dangi daga arewa, ya raɗa sunaye, aka yi rawa, ya raba kyauta. Wannan shi ne karo na farko da aka yi bikin a sarari bisa halal tun da aka hana shi, a tsakiyar babban birnin jihar, 'yan taku kaɗan daga Majalisar Dokoki. Cikin waɗanda suka taru akwai tsofaffin da suka ga ɗaurin 1922 da idonsu.

Daga nan sunansa ya kai ko'ina. Cikin 1956 shi da ɗansa David da surukinsa Henry Hunt suka sassaƙa wani ginshiƙi mai tsawon ƙafa 127 da inci 7 daga itace ɗaya, aka kafa shi a filin Beacon Hill na Victoria, a lokacin ba wanda ya kai shi tsawo a duniya. Cikin 1958, da British Columbia ta cika shekara 100 da kafuwa, suka sassaƙa wani mai ƙafa 100, kowace ƙafa shekara guda, aka aika wa Sarauniya Elizabeth kyauta, aka kafa shi a gandun Windsor a Ingila. Cikin 1960 Kanada ta ba ƙasar Meziko wani ginshiƙin nasa, aka kafa shi a babban birninta.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Yana cikin wannan ɗaukaka sai babban rashi ya same shi. Cikin 1959 ɗansa David, wanda ya shirya ya gāje shi ga suna da waƙoƙi da sana'a, ya nutse a teku wajen su. Ga mutumin da ya yi shekara 80 yana tara abin da zai miƙa wa magaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka bai ajiye gizago ba, ya mai da hankali ga almajiransa. Henry Hunt, mijin 'yar da ya riƙa, ya daɗe yana aiki a gefensa. Ɗan Henry, Tony Hunt, tun yana yaro ya ke zaune wurinsa yana koyon sassaƙa da rawa. Doug Cranmer, ɗan sarkin nan da ya yi bikin 1921, shi ma a wurinsa ya fara. Har Bill Reid, wanda uwarsa 'yar kabilar Haida ce, ya yi 'yan kwanaki yana aiki tare da shi cikin 1957, daga baya ya shahara har aka buga hoton aikinsa a takardar kuɗin Kanada ta dala 20 cikin 2004.

Mungo Martin ya rasu a Victoria ran 16 ga watan Agusta 1962. Aka ajiye gawarsa cikin gidan da ya gina, jama'a suka yi ta zuwa ban kwana, sa'an nan jirgin yaƙin Kanada mai suna Ottawa ya ɗauke ta zuwa Alert Bay, inda aka binne shi. Abayah ta bi shi cikin 1963. Cikin 1964 hukumar da ke kula da fasaha a Kanada ta ba shi lambar girma bayan ransa, cikin 1970 kuma Henry Hunt da Tony suka sassaƙa ginshiƙin tunawa da shi aka kafa a maƙabartar Alert Bay. Henry ya gāji matsayinsa a Victoria har 1974, ɗansa Richard Hunt ya karɓa daga hannunsa.

Kayan da aka ƙwace cikin 1922 kuwa, mutanen ba su daina neman a mayar musu ba. Bayan doguwar fafutuka aka yarda, bisa sharaɗin su gina wurin ajiya. Suka gina biyu, ɗaya a Cape Mudge cikin 1979, ɗaya a Alert Bay cikin 1980, suka kira na biyun U'mista, kalmar da da su ke faɗa in wanda aka kama bawa ya komo gida. Bikin ya dawo a sarari, masassaƙa sun yi yawa, mata sun koma ɓarar sida suna koya wa 'yan mata. Harshen Kwak'wala ne ya fi jin jiki, gama masu jinsa tun daga nono sun ragu ƙwarai, yawancinsu tsofaffi, ana ta ƙoƙarin koya wa yara a makarantu. Masu wannan aiki na komawa ga waƙoƙin da Mungo Martin ya bari cikin na'ura, da sunayen da ya sa aka rubuta.

Abin lura cikin labarin nan, musamman ga malamai da masu riƙe da alkalami, shi ne doka ta yi shekara 66 tana yaƙar wannan al'ada ba ta gama da ita ba, amma rashin magaji ya kusa gamawa da ita cikin tsara ɗaya. Sanin lokacin ɓarar itace, da wane tsiro ke maganin me, da tarihin kowane gida, duk cikin kawunan tsofaffi su ke, ran da aka binne tsoho kuwa an binne su tare da shi in ba wanda ya zauna gabansa ya koya. Mungo Martin ya gane haka, shi ya sa ya koya wa duk wanda ya zo, nasa da bare, ya kuma yarda a rubuta abin da kakanninsa ba su taɓa rubutawa ba. Wanda ke da irin wannan tsoho a garinsu, ya ɗauki takarda ya je ya gaishe shi tun yana da sauran ƙarfin magana.